Gwamnan da ke Cikin Inji: Saita Totur Bayan an Sauya wa Ƙaramar Tarakta Inji

Wanda ya tsaya a kan gadar Wudil da hantsi a tsakiyar rani, kunnensa zai riga idonsa sanin ana aiki a fadama. Ƙarar injina ce ke tasowa daga gaɓar kogin ta nan da ta can, na ban ruwa da na huɗa, kowanne da muryarsa. Wanda ya saba da su yana gane lafiyayye tun daga nesa, domin muryarsa ɗaya ce, ko garma ta nutse a ƙasa ko ta fito. Akwai mai hawa da sauka kamar wanda ya sha gudu yana haki. Akwai kuma mai kururuwa ba sassauci, har mai wucewa ya ce a ransa wannan ba zai ga damina ba. In ka bi sawun biyun nan na ƙarshe ka tambayi masu su, sau da yawa labarin ɗaya ne: tsohon inji ya mutu, an ɗora wani, an ɗaura wayar totur yadda ta samu, an koma gona.

Ɗora inji a gangar jikin ƙaramar tarakta, irin mai ƙafa biyu da ake riƙe ƙahonta ana binta a baya, wadda wasu ke kira fawatila, aikin yini guda ne ga bakanike da mai walda. Haɗa totur kuwa bai kai minti talatin ba. Amma wannan guntun aikin, da akan bar wa yaron gareji ya ƙarasa in oga ya tafi salla, shi ke yanke wa injin kwana: ko ya yi shekaru yana aiki, ko ya fasa ciki kafin a cire albasa. Dalilin kuwa wani abu ne da masu injin da yawa ba su taɓa tsayawa sun duba ba. Totur ɗin da ke hannun manomi ba shi ke buɗe wa inji mai ba.

Daga jigo zuwa inji

Kakanninmu da jigo suke shayar da lambu, guga bayan guga. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 a kan kogin Kano, da ta Challawa a 1992, su suka sa ruwan da ke bi ta Wudil ya nufi Haɗeja ya daina yankewa da rani kamar da. Daga shekarun 1980 hukumar aikin gona ta Kano, KNARDA, ta shiga yaɗa ƙananan injinan ban ruwa masu shan fetur tare da rijiyoyin bututu marasa zurfi, shirin Fadama mai tallafin Bankin Duniya kuma ya ɗora a kai tun farkon shekarun 1990. Kafin a ankara jigo ya zama abin ba yara labari, kowane gari ya samu bakanikensa na ƙananan injina.

Ƙaramar tarakta ta biyo baya da dalilanta. Gado yana rarraba gonaki su ƙanƙance, babbar tarakta ba ta iya juyi a fangalin shinkafa, ciyar da shanun huɗa shekara guda don aikin 'yan makonni kuma ya yi nauyi, ga fargabar ɓarayi. Yawancin injinan daga ƙasar Sin suke zuwa. Masu fetur sun bi zanen jerin GX ne da kamfanin Honda na Japan ya fara fitarwa a 1983, kamfanonin birnin Chongqing irin su Loncin da Lifan da Zongshen suna ƙera su da yawan gaske. Manyan masu shan gas, masu tukunyar ruwa a ka, irin S195 da ZS1100, an fi sanin su da kamfanin Changchai na birnin Changzhou.

Gangar jikin tarakta, wato akwatin giya da ƙafafu da garma, ta fi inji tsawon rai nesa ba kusa ba. Ƙurar hunturu da ta huɗa, da gurɓataccen mai, da jinkirin juye baƙin mai, suna cinye ringi da silinda, ƙarfen giya kuwa yana nan garau. Ga farashin mai da ke juya lissafi. A 2022 kuɗin gas ya ninka fiye da sau biyu, masu injin gas suka fara hangen na fetur. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin kwanaki, daga baya ta haura 1,000. Lissafi ya sake juyawa, wasu suka koma gas, wasu suka sa wa injinansu kafireto mai aiki da iskar gas ta girki. Duk sauyin nan wuri ɗaya yake ƙarewa: bakanike tsugune da wayar totur a hannu, yana neman inda zai maƙala ta.

Dillali tsakanin hannu da kafireto

A karar shanu ta Wudil ranar Juma'a, mai saniya da mai saye ba sa yanke ciniki baki da baki. Mai saye ya faɗi abin da yake so, dillali ya dubi yadda kasuwa ta tashi, ya daidaita. A babur babu wannan dillalin. Ka murɗa totur, waya ta ja kafireto kai tsaye, hannunka ne alƙali. Amma a injin noma da na ban ruwa da janareto akwai mai shiga tsakani, kanikawa suna ce masa gwamna.

A cikin akwatin inji, inda baƙin mai yake kwance, akwai wani ɗan giya mai ɗauke da 'yan ƙarafa masu nauyi. In inji ya juya, gudun yana watsa su waje, kamar yadda dutse a majajjawa yake neman kuɓucewa. Watsuwarsu tana juya wata 'yar sanda da ta ɓullo ta jikin inji, a kanta aka damƙe hannun gwamna. Daga hannun nan wata siririyar sandar ƙarfe ta tafi zuwa kafireto, inda wani ɗan faifai yake buɗewa da rufewa a maƙogwaron da iska da mai suke bi. Burin ƙarafan nan kullum su rufe faifan. A ɗaya ɓangaren akwai sifirin, kansa ɗaya a hannun gwamna, ɗayan a jikin libar totur, shi kuma burinsa ya buɗe. Inda ƙarfin biyun ya zo ɗaya a wannan ja-in-ja, nan gudun inji yake tsayawa.

Don haka in manomi ya tura totur gaba, sifirin kawai ya miƙar, wato ya gaya wa gwamna gudun da yake so. Garma ta ci karo da laka mai danƙo, gudu ya ragu, ƙarafa suka lafa, sifirin ya rinjaye su ya buɗe faifai, mai ya ƙaru, inji ya ɗauki nauyin ba a taɓa komai ba. Garma ta fito a ƙarshen kunya, nauyi ya sauka, gudu ya nemi tashi, ƙarafa suka watsu suka rufe. Cikin ƙiftawar ido ake wannan, sau ɗaruruwa kafin a gama kadada guda. Babu hannun da zai iya wannan saurin, balle hannun da ke kokawa da ƙahon tarakta a cikin taɓo.

Dabarar ta tsufa. James Watt ya sa wa injin tururi irin wannan gwamna a 1788, shi ma daga masu injin niƙa na iska a Ingila ya aro ta. A 1868 masani James Clerk Maxwell ya rubuta maƙala kan abin da ke sa gwamna ya riƙa kai-komo ya kasa zama a gudu ɗaya, kuma daga wannan maƙalar ake ƙirga mafarin ilmin na'urori masu daidaita kansu. Hakin da ake ji a fadamar Wudil yau, shi ne abin da Maxwell ya zauna ya lissafa fiye da shekara 150 da suka wuce.

Abu uku da ke sauyawa in inji ya sauya

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abu na farko da ke sauyawa shi ne gudu. Injin fetur irin GX160 da GX200, da takwarorinsu na Sin da ake rubuta wa 168F, a juyi 3,600 a minti aka auna ƙarfinsu. S195 kuwa a juyi 2,000 yake ba da doki 12 ɗinsa. Injin da aka ciro daga janareto an ɗaure gwamnansa a juyi 3,000, saboda wutar Nijeriya mai bugu 50 a daƙiƙa ce, galibi ma ba shi da libar ƙara gudu ko ragewa, bakin shaf ɗinsa kuma yana sirancewa, fuli ba ya zama a kansa sai da dabara. Akwatin giyar tarakta don gudun tsohon inji aka ƙera shi. In aka ɗora mai 3,600 inda mai 2,000 ya tashi, aka bar fuli da girmansa, tarakta za ta yi gudu kusan ninki biyu, mai binta sai sassarfa. Abin da akan yi shi ne a rage totur, alhali gyaran a fuli yake. In faɗin tsohon fulin santimita 13 ne, sabon ya kamata ya zo wajen 7, domin 13 sau 2,000 a raba da 3,600 abin da zai bayar ke nan. In ƙaramin fuli zai sa bel santsi, sai a ƙara girman na ɓangaren giya.

Rufe kuskuren fuli da rage totur yana da tsada. Injin da iska ke sanyaya shi, fankarsa a jikin filawil take, in gudu ya yi ƙasa iska ta ragu, nauyin garma kuwa yana nan yadda yake. Baƙin mai ma wani ɗan cokali ne a gindin kwanrod yake watsa shi, shi ma da gudu yake aiki. Mai injin yana jin gurnani a ƙasa-ƙasa yana murna ya yi tattalin fetur, bai san dafa injin yake yi ba.

Na biyu ƙarfin murɗa. Doki 13 da ake kiran GX390 da shi, da doki 12 na S195, sun yi kama a takarda, amma ingarman doki daban, bijimin huɗa daban. Mai juyi 2,000 da murɗa mai nauyi yake ba da ƙarfinsa, wadda ta ɗara ta GX390 da fiye da rabi, ga katon filawil da ke ingiza shi ya wuce wurin tauri. Mai 3,600 da sauri yake tara nasa, sai an rage saurin ta hanyar fuli yake zama ƙarfin ja. Bayan haka lambar da ke jikin tanki ba ita ke isowa gona ba. Littafin Honda ya ce injin yana rasa kusan kashi 3.5 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 na tudu, ƙasar Kano kuwa tana wajen mita 400 zuwa 500 sama da teku, ga zafin Afrilu da ke taɓa digiri 40, iska mai zafi kuma ba ta cika silinda kamar mai sanyi. Injin da ya yi wa tarakta kaɗan, babu saitin totur da zai ƙara masa ƙarfin da ba a ƙera shi da shi ba.

Na uku tafiyar waya. Wayar totur abu biyu ce a haɗe, ta ciki mai motsi da rigar da ta lulluɓe ta. Libar da ke ƙaho tana jan waya wani tsawo ƙayyadadde, a ce santimita 3. Libar sabon inji ƙila 2 take buƙata daga silo, wato gudu mafi ƙanƙanta, zuwa ƙarshe, ƙila 4. In tafiyar ta gaza, inji ba zai kai cikakken gudu ba, ko ya ƙi dawowa silo. In ta yi yawa, waya ta karye ko liba ta tanƙware. Wani lokaci ma alƙibla ce ke saɓawa, tsohon inji ja ake yi ya ƙara gudu, sabon kuwa turawa. Saboda haka aka huda ramuka a jikin liba. Ramin da ke nesa da ƙusar da liba ke juyawa a kanta yana cin waya da yawa, na kusa yana cin kaɗan.

Saitin, daki-daki

Da gwamna ake farawa, waya ita ce ta ƙarshe. Inji a kashe, an zare hular fulogi. A sassauta notin da ya damƙe hannun gwamna a kan sandarsa, a tura hannun har faifan kafireto ya buɗe gaba ɗaya, a riƙe shi a nan. Sai a juya sandar kanta da sukundireba ko filaya zuwa alƙiblar da hannun ya bi, har ta tsaya, sannan a ɗaure noti. A irin GX160 da GX200 da danginsu juyin yana bin hannun agogo. Abin da aka yi shi ne an sa ƙarafan ciki da faifan waje sun tashi daga wuri ɗaya: inji a tsaye, ƙarafa a lafe, faifai a buɗe. Sabon inji daga kwali an riga an yi masa wannan a masana'anta, ba a taɓa shi sai da dalili. Na hannu kuwa, ko wanda aka sauya wa kafireto, ko aka buɗe cikinsa, dole a sake. Wanda ya juya sandar baibai ya ɗaure, ya kashe gwamna bai sani ba, da an tayar inji zai tashi sama.

Daga nan a taɓa siririyar sandar da ɗan yatsa. Ya kamata ta je ta dawo ba ta goga da tanki ba, ko gidan filtar iska, ko wani ƙarfe da mai walda ya ƙara. A jikinta akwai wani siririn sifirin kamar zare da ya naɗe ta. Yara kan yar da shi don suna ganin ba ya ɗaukar komai, amma shi ke cinye ɗan wasan da ke cikin ramuka, in babu shi faifai yana rawa, inji yana haki. Kada a shafa giris mai kauri a waɗannan mahaɗai. A ƙurar fadama giris takardar gurza yake komawa.

Libar totur ta sabon inji tana zuwa da noti mai sa ta tauri don ta tsaya inda aka bar ta. In za a ja ta da waya daga ƙaho, littafin Honda ya ce a sassauta wannan notin, in kuma wayar mai laushi ce, wadda ba ta iya turawa, a ƙara sifirin da zai riƙa dawo da liba. Sannan a kai libar ƙaho ƙarshe, a kai ta inji har ta jingina da sukurun iyaka, sai a damƙe rigar waya a mazauninta. A dawo da libar ƙaho baya a ga ta inji ta koma silo. In ba ta koma ba, a sauya rami. Wayar ta bi hanya ba karyewa mai kaifi, nesa da salansa. A ɗaga ƙaho a sauke, a karkata shi dama da hagu, in totur ya motsa da kansa to waya ta yi gajere. Doka ɗaya ce ba ta da sassauci: waya a libar totur take ƙarewa. Ba a ɗaure ta a hannun gwamna, ba a ɗaure ta a kafireto.

Sai tayarwa. Giya a firi, bel a sake, hannu kusa da makunni, kowa ya kauce daga saitin filawil. A bar inji ya ɗumama. Silo na irin GX160 wajen juyi 1,400 ne, da sukurun da ke jikin kafireto ake daidaita shi. Gudun ƙarshe ba nauyi yana ɗan ɗara 3,600, domin in garma ta shiga ya sauko daidai, amma bai kamata ya wuce 3,900 ba. A nan kunne yake gazawa. Gwanin bakanike yana bambance silo da cikakken gudu, amma 3,600 da 4,300 duk ƙara ce a kunne, musamman in salansa ta fashe. Agogon auna juyi, ɗan ƙarami mai waya da ake naɗawa a wayar fulogi, shi ne shaidar da ba ta ƙarya, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na kwanrod da bulo ba.

Gwaji na ƙarshe a gona yake. In inji yana durƙushewa da zarar garma ta nutse, gwamna yana jinkirin amsawa, sai a matso da sifirin ɗinsa ramin da ya fi kusa da sanda. In yana kai-komo, ya cika zumuɗi, sai a mayar da shi rami na nesa. Duk lokacin da aka sauya rami, a sake auna gudun ƙarshe.

Kafin a zargi gwamna

Ba kowane haki ne laifin gwamna ba. Gwaji mai sauƙi shi ne a ja cok rabi inji yana aiki. In hakin ya tsaya, mai ne ba ya isa: ƙaramin jet ɗin kafireto ya toshe da dattin man bumburutu ko ruwa, ko kuwa iska na shiga ta gaskit ɗin da ya tsage. Bakaniken da ya kama lanƙwasa sifirin kan matsalar da wanke kafireto zai magance, garin gyaran gira ya rasa ido, domin ya bar matsala ɗaya ya haifi ta biyu. In inji yana mutuwa duk lokacin da tarakta ta karkata a kan kunya, a duba ko na janareto ne ko na famfo mai na'urar kashe kai in baƙin mai ya yi ƙasa, domin karkata tana ruɗa ta. In baƙin hayaƙi yake yi yana rasa ƙarfi, a fara da filtar iska.

Injin gas da hatsarinsa

Injin gas, ko mai ruwa irin S195 ko mai iska irin 178F da 186F, ba shi da kafireto. Gwamnansa famfon mai yake sarrafawa, ya ƙara ko ya rage abin da nozul zai fesa. Ƙa'idar ja-in-ja tana nan, amma akwai ƙarin abu biyu. Na farko, ba a kashe shi da yanke wuta, sai da yanke mai, kuma libar totur ce ke wannan aikin. In waya ba ta mayar da liba har wurin kashewa ba, manomi zai wayi gari da injin da ba ya iya tsayarwa daga ƙaho. Na biyu, akwai sukurori na iyakar gudu da na iyakar mai da masana'anta kan rufe da hula ko waya da dalma. Wanda ya ɓalle su don neman ƙarfi, baƙin hayaƙi da zafi zai saya da kuɗin gas ɗinsa. In injin gas ya ƙwace, ya ƙi jin totur yana ta hawa, a rufe mai a toshe bakin iska da katako ko wani faifai mai tauri. Ba a sa tafin hannu, ba a sa tsumma mai laushi da zai zuƙe.

Hujjar masu cire gwamna

Adalci ne a saurari masu ɗaure waya kai tsaye a kafireto, domin ba duka ne jahilci ya sa su ba. Wani da babur ya koyi sana'a, abin da hannunsa ya sani ke nan. Wani giyan gwamnan ne ya farfashe, roba ce a yawancin injinan nan, sauya shi sai an buɗe ciki, mai gona kuma yana tsaye a kansa yana cewa, "Oga, ruwa na jira, yi mini dabara kawai." Wani kuma mai injin ne da kansa yake son jin ƙara, don a kunnensa ƙara ita ce ƙarfi. Gaskiya ne kuma injin da aka cire wa gwamna yana amsa hannu nan take, ya yi kamar ya samu sabon jini.

Lissafi ne bai goyi bayansu ba. Ƙarfin da ke neman yaga filawil da kwanrod yana ƙaruwa da gudu sau kansa. Daga juyi 3,600 zuwa 5,000 ƙarin bai kai rabi ba, amma nauyin da ke kan ƙarfe ya kusa ninkawa. Filawil ɗin waɗannan injina zubin ƙarfe ne, ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi, tarwatsewa yake yi, mai bin tarakta kuma taku biyu ne tsakaninsa da shi. Ba sai an yi niyyar gudu ba. Bel ya tsinke, ko garma ta fito a ƙarshen kunya faifai yana buɗe, kafin hannu ya kai totur aikin gama ya gama. A injin ban ruwa ma asarar a fili take, domin ƙarfin da famfo ke ci yana hawa da gudu sau kansa har sau uku. Ƙarin kashi 10 cikin 100 na gudu yana neman ƙarin ƙarfi kusan kashi 33, fetur kuma shi zai biya. Wanda ya sauya inji don gudun tsadar mai, ya cire gwamna, ya zuba ruwa a kwando.

Inda gyara yake

Ilmin nan ba shi da tsada, isarsa hannun masu aikin ce ta yi wuya. Injina suna zuwa da littafi cikin Turanci ko Sinanci, wanda ake yarwa tare da kwali tun a kasuwa. Yaron gareji da ido yake koyo, in ogansa bai taɓa nuna masa abin da ke cikin akwatin inji ba, shi ma haka zai koya wa nasa yaran. Wudil kuwa gari ne da ya fi garuruwa da yawa damar cike wannan giɓin. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote a 2022, akwai kwalejin koyar da sana'o'in fasaha, akwai malaman gona na KNARDA da ke shiga ƙauyuka irin su Utai da Lajawa da Indabo da Darki. Bita ta yini guda da Hausa, da inji ɗaya da aka yanka cikinsa don a ga ƙarafan gwamna suna watsuwa, da agogon auna juyi guda a hannun ƙungiyar kanikawa ko ta manoma ana karɓa aro, za su ceci injina masu yawa a rani ɗaya. Masu sayar da inji a Kano ma riba ce gare su su riƙa tambayar mai saye me zai ja da shi, kafin su miƙa masa na janareto ya kai wa garma.

Kafin a kai ga wannan, manomi yana da abin yi da idonsa, ba sai ya iya riƙe sufana ba. Kafin ya biya kuɗin aiki, ya bi wayar totur da ɗan yatsa daga ƙaho har inda ta ƙare. In a liba ta ƙare, sifirin ya karɓa daga nan, madalla. Ya sa a tayar, a tura totur ƙarshe ba nauyi, ya ga hannun gwamna ya ja baya da kansa. Ya sa garma a ƙasa, ya ga hannun ya matsa gaba ba wanda ya taɓa shi. In hannun nan yana tsaye cik kamar an kafe shi, to ya mayar da kuɗinsa aljihu tukuna, ya ce, "Oga, a sake duba mini. Gwamnan nan bai hau aiki ba."